Cizon Kare a Zangon Yara

Bauchi, 20 ga Yuli, 1959

Zuwa ga ƙanena Amos,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya karatun haɗa magani, ya ruwan Ikko da aka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan ƙalau muke. Maigidana Elias ya warke daga ciwon bayan nan, ya koma kafintancinsa. 'Yarka Matta ƙarama ta yi tsawo, ta zo ta uku a aji biyu. Takwararta Goggo Matta tana gaishe ka, ta ce tunda ka ga teku ka manta da ƙanwar ubanka.

Ga dalilin wasiƙata. Ka san Zangon Hutu, inda muke tara yaran mutanenmu masu aiki a garin nan sati uku in an ba da hutun damina, a koya musu waƙa da karatu da ɗinki, su ci su ƙoshi, maimakon su yini suna wasa a kwata iyaye na wurin aiki. Shekara shida Baturiyar mishan ce ke riƙe da shi da kuɗin ƙasarsu. To ta tafi a watan Mayu, ba za ta dawo ba, ba kuma za a aiko wata ba. Ta miƙa mini tukwane uku da ƙararrawa, ta yi kuka, ta shiga mota.

Muka zauna mu matan zumuntar coci. Da yawa suka ce a bari kawai. Goggo ta miƙe ta ce, "Ana ta cewa baɗi ƙasa za ta dawo hannunmu. Yara arba'in sun gagare mu ciyarwa sati uku, ƙasa ce ba za ta gagare mu ba?" A nan muka yanke za mu noma abin da zai riƙe zangon. Malam Ya'u na Ƙofar Dumi, wanda Elias ke yi wa ƙofofi, ya ba mu aron gonarsa a Fadaman Mada. Mun shuka gyaɗa tun ruwan farko, ta yi kyau ƙwarai. Bana kowace mace za ta kawo kwanon dawa biyu. In gyaɗar ta nuna mu yi mai da ƙuli-ƙuli mu sayar, baɗi ba sai mun roƙi kowa ba.

A gonar za a yi zangon. Akwai babbar tsamiya, Elias ya kafa rumfuna biyu a gefenta. Da safe mu fita da yara, manyansu su taya mu cire ciyawa kaɗan, da la'asar mu dawo da su gida.

Ba zan ɓoye maka ba, gabana na faɗuwa. A da in wani abu ya faru Baturiya ake tambaya, yanzu ni ce. Ina neman izininka Matta ta je. Tunda uwarta ta rasu ban taɓa ganin tana ɗokin abu kamar wannan ba.

Ni ce yayarki, to, yayarka, ka ga hannuna ya saba rubuta wa mata,
Liatu

Yaba, Ikko, 1 ga Agusta, 1959

Yaya Liatu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na sami takardarki jiya, na gode Allah da jin lafiyarku. Ni ma lafiya, sai zafi mai ɗanko da sauro. Ki gaishe da Yaya Elias. Ki ce wa Goggo wanda ta goya bayan rasuwar uwarsa ba ya manta ta, na saya mata kallabi.

Maganar zango na yi murna, amma na yi ta juya ta a raina. Fadaman Mada bayan gari ne, Yaya. Akwai rijiya a buɗe? Akwai macizai a gindin tsamiyar? Ki sa a share wurin sosai. Matta ba ta iya cewa ta gaji ba, haka uwarta take, sai an lura da ita.

Duk da haka ta je. Ba zan zauna a nan mil ɗari bakwai in hana ta abin da take so ba. Ita kaɗai gare ni, kin sani, kuma a hannunki na bar ta don babu hannun da na fi yarda da shi.

Ƙaninki,
Amos

Bauchi, 13 ga Agusta, 1959

Amos,

Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta, ka kuma karanta har ƙarshe. Matta tana da rai, tana magana, tana cin abinci. Amma kare ya cije ta shekaranjiya Talata.

Da hantsi ne, yara sun jeru a gindin tsamiya ana zuba musu kunu. Sai ga wani jan kare ya fito daga cikin dawar maƙwabta. Bai yi haushi ba. Yana tafe a karkace, wutsiya a ƙasa, yawu na zuba. Ya kai wa taɓarya cizo, taɓaryar da ke jingine ba ta yi masa komai ba. Yara suka watse suna ihu. Matta tana riƙe da ƙaramin ɗan Juliana 'yar zumuntarmu, mai shekara uku, ba ta iya gudu da shi ba. Sai ta ɗaga shi sama ta juya wa karen baya. Ya kama ta a ƙafar hagu, ƙasa da gwiwa.

Ni na daskare, Amos, ludayi a hannuna. Goggo ce ta kwance zanenta na sama ta rufe masa kai, ta faɗa kansa da dukan nauyinta. Tana ƙasa tana kokawa da shi tana cewa, "Liatu, kwashe yara! Kar ki tsaya kallona, kwashe yara!"

Allah ya kawo Malam Ya'u a kan kekensa ya zo duba gona. Ya fizgi fartanya ya kashe karen a cikin zanen. Da ya buɗe ya duba bakinsa, sai fuskarsa ta canja. Ya ce, "Uwar yara, wannan ba lafiyayyen kare ba ne. Ku wanke ƙafar da sabulu yanzu, ku yi ta wankewa." Muka wanke har yarinyar ta daina kuka don gajiya. Shi ya ɗora ta a keke ya tura har asibiti, ina bin su da gudu.

Haƙora huɗu ne, biyu sun shiga da zurfi. An ƙona ramukan da magani, an fara yi mata allura a ciki kusa da cibiya, za a yi kullum har kwana goma sha huɗu. An yanke kan karen an aika Vom wurin likitocin dabbobi su duba. Goggo ba abin da ya same ta sai ƙurjewar gwiwa da ƙaya da ta soke ta a hannu.

Ka ce in duba rijiya da macizai, na duba. Kare bai zo mini a rai ba. Ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba.

Liatu

Yaba, 21 ga Agusta, 1959

Yaya,

Ina fata wannan ta same ku da sauƙi. Na karanta takardarki a tsaye a ƙofar aji, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Da ban san komai a kan ciwon haukan kare ba da ya fi mini. Watan jiya aka koya mana shi. Don Allah ki amsa mini waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Minti nawa tsakanin cizon da wankewa? Ta kan riga ya cije ta ko a tsurar fata? An tsallake allura ko da ta kwana ɗaya? Me aka ce daga Vom? Kar a bari kowa ya ba ta sassaƙe a ce ya isa, kar a fasa allurar komai kukanta.

Na nemi izinin tafiya, shugaban makaranta ya ce jarrabawa saura sati uku, wanda ya tafi ya rasa shekararsa, kuma zuwana ba zai ƙara wa allura ƙarfi ba. Gaskiya ya faɗa, amma na ji kamar in shaƙe shi.

Ban ɗora miki laifi ba. Ki rubuto kowane sati, ko layi biyu ne.

Amos

Bauchi, 3 ga Satumba, 1959

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Muna nan da rai da lafiya, Matta ma. Ga amsoshinka. Wankewa ba ta kai minti biyar ba. A tsurar fata ne, rigarta a gwiwa ta tsaya. Ba a tsallake ko ɗaya ba, an gama ranar Litinin ta makon jiya. Cikinta ya kumbura ya yi tauri ko'ina, tun daga ta bakwai sai an riƙe ta. Goggo ke riƙe ta, tana yi mata waƙar shiƙar acca ta garinmu har a zare allura.

Amsar Vom ta zo. Mahaukaci ne.

Na tsare likita na ce ya gaya mini gaskiya. Ya ce allurar tana tsare mafi yawan mutane, amma ba zai rantse mini ba. Mu sa ido wata uku, ko fiye. In ta yi zazzaɓi, ko tabon ya fara ƙaiƙayi, ko ta ƙi ruwa, mu kawo ta. Na ce in mun kawo ta me za a yi? Sai ya shiga gyara takardunsa.

Yanzu ko tari ta yi sai in ajiye abin da nake yi in je kanta. Jiya ta ce kanta na ciwo, na bar tuwo a wuta ya ƙone ina taɓa goshinta. Ashe kitso ne ya yi tsauri.

Zango kuwa ya mutu a kwana na tara. Washegarin abin yara shida suka zo cikin arba'in da ɗaya, na mayar da su gida. Ran Lahadi a ƙofar coci Juliana ta tare ni a gaban mutane ta ce, "Da Baturiya na nan da ba a kai 'ya'yanmu daji ba. Kun mai da su 'yan ƙodago don ku nuna kun iya." Na so in ce mata ɗanki aka ɗaga sama, amma na juya na kama hanyar gida, don rabin maganarta ni ma ina faɗa wa kaina.

Babu mai zuwa gonar sai Goggo. Kullum da sassafe ta ɗauki fartanya ita kaɗai. Na ce ta bari, ta ce gyaɗa ba ta san an yi faɗa ba.

Liatu

Yaba, 21 ga Satumba, 1959

Yaya Liatu,

Ina gaisuwa. Yau kwana goma sha biyu rabona da takardarki. Na gama jarrabawa, ban san me na rubuta ba. Kullum ina zuwa wurin mai raba wasiƙu har ya fara kau da kai in ya hango ni.

Na ce kowane sati. Shirun nan me yake nufi? In lafiya ce, lafiya ba ta da wuyar rubutawa. In wani abu ne ki gaya mini kai tsaye, ni ba yaro ba ne. Na lissafa, gobe kwana arba'in da biyu da cizon, kuma a irin wannan lokacin ne ya fi nunawa. Ki amsa ranar da wannan ta same ki.

Amos

Bauchi, 24 ga Satumba, 1959

Amos,

Ka yafe mini shiru, zazzaɓin damina ya kwantar da ni kwana goma. Matta ƙarama lafiyarta ƙalau, ta koma makaranta. Goggo ce.

Ran Litinin ta dawo daga gona tana sosa gindin babban yatsanta, ta ce hannun na yi mata kamar tururuwa na bi har kafaɗa. Talata ta yini a kwance, abin da ban taɓa gani ba. Jiya da rana na kawo mata ruwa a ƙwarya. Ta miƙo hannu tana so, ruwan na zuwa kusa da bakinta sai wuyanta ya shaƙe, idanunta suka fito, ta yi jifa da ƙwaryar har bango. Muka kalli juna. Ita ta fara magana.

Ta ce, "Rufe ƙofa, kar yarinyar ta shigo."

Na ce, "Goggo, ƙayar nan?"

Ta ce, "Ba ƙaya ba ce. Ta cikin zanen ya same ni, haƙori ɗaya."

Na ce don me ba ki faɗa ba, muna asibiti tare kwana goma sha huɗu? Ta ce ranar farko ta ji ma'aikacin asibiti yana gaya wa likita maganin da ke hannu na mutum ɗaya ne, sai mota ta kawo wani daga Jos. Ta ce a ranta ba za a raba na takwararta biyu ba. Da wani maganin ya iso, wurin ya riga ya rufe, sai ta ɗauka ya wuce. Ta ce kuma in aka ji mutum biyu ya ciza, ba za a sake ambatar zango a garin nan ba har abada.

Elias da Malam Ya'u suka kai ta asibiti a amalanke. An sa ta a ɗaki ita kaɗai, an rufe taga da bargo don ko iska ta taɓa ta sai ta zabura. Likita ya ce in ya riga ya nuna babu magani, kwanaki ne. Wani lokaci ba ta san ni ba, tana ihu da muryar da ba tata ba. Wani lokaci ta dawo garau. Ɗazu ta ce mini abu biyu: kar a kawo takwararta ta gan ta haka, kar kuma a bar gyaɗar ta tsiro a ƙasa, ta kusa isa cira.

Amos, na ga abin da idona yanzu. Na dawo gida na sami yarinyar tana tsallen igiya a tsakar gida, na tsaya a zaure na kasa shiga. Kare ɗaya ne ya cije su. Ka yi addu'a.

Liatu

WAYAR TANGARAHO. BAUCHI, 28 SATUMBA 1959.
AMOS, MAKARANTAR MAGANI, YABA.
MATTA TA TAFI GIDA JIYA. AN BINNE. KA YI HAKURI. ELIAS.

Yaba, 28 ga Satumba, 1959

Liatu,

Waya ta same ni da azahar. Ba ni da gaisuwa.

Ashe abin da shirunki ke nufi ke nan. Sati uku da rabi ba layi ɗaya, tana can tana shan wannan azabar, ba ku bar ni na zo ta ga fuskata ba. Na san yadda ciwon yake kashewa, Liatu, an nuna mana. Ta kira ni? Wa ya riƙe ta? Ɗaure ta kuka yi?

Na ce ban ɗora miki laifi ba. Ƙarya na yi don in kwantar miki da hankali ki kula da ita. Shekararta takwas. Kun kai ta bayan gari don ku nuna wa duniya mata sun iya riƙe abu ba Bature. To kun nuna. Ni ma na sa hannu, na ce ta je, wannan zan tafi da shi kabarina.

Jirgin arewa sai Alhamis. Zan sauka Jos in nemi mota. Kar a taɓa akwatinta, kar a ba kowa kayanta. Ina so a nuna mini wurin, sannan in koma. Ki gaya wa Goggo ina zuwa, ita kaɗai nake son gani.

Amos

Yaba, 17 ga Oktoba, 1959

Yayata Liatu,

Gaisuwa mai yawa da ban haƙuri. Na iso lafiya shekaranjiya. Na tarar da takardarki ta 24 ga Satumba tana jirana, ta iso kwana ɗaya bayan tashina. Da ta riga wayar, da ba haka ba.

Kwana takwas na yi a gidanku, akwai abin da na kasa faɗa miki da baki. Na rubuto miki wata takarda ranar da waya ta zo. Ina Bauchi ina ta sauraron isowarta don in tare ta, ba ta zo ba. In ta iso, don girman Allah ki sa ta a murhu ba tare da kin buɗe ba.

Ba ki san yadda na iso gonar ba. Mota ta sauke ni da hantsi, na sami gidanku a kulle. Maƙwabciyarku ta ce, "Ai duk suna Fadaman Mada wurin gyaɗa." Ban tsaya jin sauran ba. Na ce a raina, 'yata ba ta yi sati a ƙasa ba suna cirar gyaɗa. Na tafi da niyyar in tattake rumfunan nan in faɗa muku maganar da ba za ta gyaru ba.

Na hango mutane cike da gonar, maza da mata. A kan tarin gyaɗa wata yarinya mai shuɗiyar riga tana zaune tana tsinka. Ta ɗago ta ce, "Baba!" Ta taho da gudu tana ɗan ɗingishi. Yaya, baya na ja. Tsoronta na ji. Na ɗaga hannu ina cewa kar ta matso, har na faɗi a kan kunyar gyaɗa. Sai da ta hau kaina na ji nauyinta da warin rana a gashinta.

Kin ga lokacin da Yaya Elias ya durƙusa yana cewa ya ɗauka na san Goggo na kwance, shi ya sa bai ƙara kalma a wayar ba. Ban riƙe shi ba. Abin da ba ki gani ba shi ne cikina. Da aka ce Goggo ce, daɗi na ji. Matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki, aka ce ta mutu irin wannan mutuwar, na ji daɗi. Sai da kika kai ni kabarinta kika gaya mini zancen maganin mutum ɗaya, sannan kukan ya zo. Kallabin da na saya mata yana nan a akwatina, ban san yadda zan yi da shi ba.

Na so in taho da Matta, ke kika ce ɗakin kwanan ɗalibai ba wurin yarinya ba ne, kuma likitan da ya san ƙafarta yana Bauchi. Na bar ta, amma wata uku bai cika ba. Ki ci gaba da rubutowa.

Ƙaninki,
Amos

Bauchi, 14 ga Disamba, 1959

Ƙanena Amos,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da barka da shirin Kirsimati. Duk muna lafiya. Na cika alkawari, layi biyu kowane sati, yau kuma ga doguwa. Ran Juma'a wata huɗu cif da cizon. Na kai Matta wurin likita, ya duba tabon, ya sa ta yi tsalle, ya ce in saki raina, abin da ya fi haɗari ya wuce. Na tambaye shi ko ya wuce duka. Ya yi murmushi ya ce ni dai ba na barin mutum ya huta.

Takardar da ka ce in ƙone ta riga gargaɗinka isowa, na karanta. Na yi kuka yini guda. Amma babu abin da ka faɗa da ban riga na faɗa wa kaina ba, kuma mutumin da aka ce 'yarsa ta mutu ne ya rubuta. Ta shiga murhu, maganar ta ƙare.

Ka ga mutane a gona amma ba ka san yadda suka taru ba. Ranar jana'iza na tsaya a bakin kabari na faɗi abin da Goggo ta yi da abin da ta roƙa. Washegari na fita da fartanya ina zaton ni kaɗai ce, na tarar da Juliana ta riga ni, ta cire gyaɗar kunya biyu. Na sunkuya a gefenta na fara cira. Da rana ta miƙo mini gorar ruwanta. Kafin kwana uku kowa ya zo.

Mun yi sati biyar muna suya da daka da matsa. Hannuna duk ya yi kanta. Shekaranjiya maza suna can layin jefa ƙuri'a, mu muna tuyar ƙuli na ƙarshe. Man ya ƙare a kasuwa tun kafin mu gama, matar Malam Ya'u ma ta kawo mana masu biki daga cikin gari suka saya. Da abin da aka samu mun sayi dawa tun tana araha, rumbu biyu sun cika, ga gishiri da daddawa, ga irin shuka mun ware. Abincin zangon baɗi yana nan a rufe, ba mu miƙa wa kowa hannu ba. Malam Ya'u ya bar mana gonar shekara uku, mazanmu za su kewaye wurin rumfuna da shinge mai ƙofa ɗaya.

An fara kawo sunayen yara. Juliana ta kawo nata uku. Jiya Matta ta tsaya a kaina ina rubutu ta ce, "Mama, ni fa?" Na ce sai an tambayi babanki.

Ba zan matsa maka ba. Ni kaina ko haushin kare na ji a lungu sai in leƙa in ga inda Matta take. In ka ce a'a, zan bar ta wurin maƙwabciya, ba wanda zai ga laifinka.

Yayarka,
Liatu

Yaba, 2 ga Janairu, 1960

Yaya Liatu,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya kai mu ƙarshenta lafiya. Na gode da abin da kika ce game da takardar nan.

Wannan ce ta huɗu da na fara. Ukun farko a'a na rubuta, na yayyaga. Tsoron bai ragu ba, Yaya, ban kuma ga ranar da zai ragu ba. Amma na yi tunanin ta zauna a zauren maƙwabciya tana jin tafiyar sauran yara da safe, ita da ta ɗaga ɗan wani sama ta ba kare ƙafarta. Ba zan iya yi mata haka ba.

Ki rubuta sunanta. Kwas ɗina zai ƙare a Yuli, na roƙi a turo ni Bauchi. Ko an turo ko ba a turo ba, sati ukun nan ina wurin. Ku ba ni ƙofar shingen in tsare, ba na son wani aiki.

Ki gaya mata da bakinki, ki rubuto mini yadda fuskarta ta yi.

Ƙaninki,
Amos